Shekarar da Muka Kai Yayarku Bakin Teku

Akwai maganar da kuke yi a tsakaninku, kuna tsammanin ba ta zo kunnena ba. Kuna cewa Inna ba ta son Yaya kamar yadda take son sauranmu, ai da bakinta ta ce ba za ta je bikinta ba. Safiya ce ta fara, Nura ya ɗauka, yanzu har matarsa, wadda ba ta ma shigo gidan nan ba a lokacin, tana da nata ƙarin. To, na faɗa. Na faɗa a tsakar gida da rana tsaka, da muciya a hannuna, ban ɓoye wa kowa ba. Amma kun ɗauki magana ɗaya kun yar da shekara guda. Shi ya sa zan ba ku shekarar duka a nan, ku karanta, ku daina yi mini shari'a a bayan idona.

Sai kun fara sanin gidan da na fito. Mahaifiyata Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Gitata, aure ne ya kawo ta cikin Keffi. Ni ce 'yarta ta fari, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce a ba ta ruwa, ni kuma na san da ni take. In na yi zazzaɓi ba ta taɓa goshina a gaban mutane, sai dai in farka in tarar da kindirmo a ƙwarya, an rufe da faifai kusa da kaina. Ba mu kira wannan ƙiyayya ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma a zamaninmu matar da ba ta da ita, nuna ta ake yi da baki a gidan biki. Da haka na tashi, da haka aka kawo ni gidan babanku a Gangaren Tudu. Da na haifi Yayarku ban tsaya tambayar kowa ba, na yi abin da na gani. Ranar da aka yaye ta, Gwaggo Ladi, yayar babanku da Allah bai ba haihuwa ba, ta zo da sabon zane ta goya ta zuwa gidanta a Jigwada. Na tsaya a bayan ƙyaure ban fito ba. Daga ranar Gwaggo ta zama Mama a bakinta, ni kuma na zama Adda, yadda ta ji ƙannena suna kirana.

Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma kusan kowace shekara sai an kawo mini yarinya mai irin sunanta. In na zo kanta wajen kiran suna sai in ce "mai sunan 'yar Gwaggo", yara su yi ta dariya. Jigwada ba hanyar makarantarmu ba ce, amma ta nan nake bi in dawo, in gaishe da Gwaggo a tsaye, in saci kallon wadda ke wasa a gindin murhu. Duk takalmin Sallar da ta taɓa sawa Gwaggo ce ta miƙa mata. Ba wanda ya tambayi yadda ake yi yana zama daidai ƙafarta. In sun zo gaisuwa sun tafi, sai in karyi tsinken tsintsiya in auna sawunta a ƙasa, in ɗaure a bakin zane in tafi da shi kasuwa.

Ta girma, ta karanta aikin jinya, aiki ya jefa ta Badagiri, can ƙarshen ƙasa kusa da iyaka, inda teku take. Ni kuwa tun tana sakandare na gama tsara bikinta a kaina. A Keffi za a yi, Gwaggo ce uwar biki, ita za ta yi kai da kawo. Ni, kamar kowace uwar 'yar fari mai mutunci, zan gudu gidan maƙwabciyarmu in shige uwar ɗaki, ƙawayena su biyo ni suna tsokana, in ji guɗa ta bayan katanga, in yi kukana ba mai gani. Wannan shi ne rabona a bikin, kuma kada ku raina shi, na yi shekaru ina ɗokinsa. Kwanukan da na tara a ƙarƙashin gado, da zannuwan gado, da tukwane, duk da sunan Gwaggo za su fita.

Sai ga wayarta wata ranar Lahadi, a kan maganar aurenta da Rashidi. Babanku ya buɗe sifika yadda duk gidan zai ji, don ya san ina bakin madafa.

"Baba, mun yi shawara da Mama," in ji ta. "Ba ma son taro. Mahaifiyar Rashidi ta tsufa, ba ta gani, ba za ta iya hanyar Keffi ba, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. In kun yarda, a ɗaura a nan. Mota ɗaya ta isa."

"Mota ɗaya?" in ji babanku. "Danginmu da ko tirela ba ta kwashe su?"

"Shi ya sa, Baba."

Ya yi dariya, sannan ya juyo wajen madafa ya ce, "To, mutanen gida me suka ce?"

Na dubi tukunya na ce, "A ce mata duk yadda aka yi daidai ne."

Ba daidai ba ne. Rashidi ba ni da matsala da shi, ya zo gaisuwa sau biyu, yaro ne mai natsuwa, danginsa 'yan ƙabilar Egun ne, Musulmi tun kakanni, ya durƙusa har ƙasa. Abin da ya tsaya mini shi ne, a Badagiri ba ni da maƙwabciya, ba ni da katangar da zan ɓuya a bayanta. Daga ranar zama ya gagare ni. In ɗora tuwo in manta, sai ƙauri ya tuna mini. In jawo kwanukan nan in goge, in mayar, in sake jawowa. In tafi Jigwada ba dalili, in zauna gaban Gwaggo muna maganar tsadar manja, in tashi in dawo ban faɗi abin da ya kai ni ba. Har wurin masu busasshen kifi na je a kasuwa ina tambayarsu yadda teku take, kamar can suke kamo shi.

Shirin bikin gaba ɗaya ta bakin Safiya aka yi shi. Lokacin tana jami'a, bakinta kuwa kun san shi. Yayarku ta kira ta, ita ta faɗa mini, ni in ba ta amsa, alhali wayar tana ajiye a kan turmi a tsakaninmu.

"Inna, Yaya ta ce kada a yi dubulan da yawa. Iskar can da laima take, nan da nan zai yi laushi."

"Ki ce mata ba a kai amarya da gara rabin daro."

"Inna, tana jin ki fa. Fon ɗin a buɗe yake."

"Ni da ke nake magana."

Sai muryar ta fito daga kan turmi, a hankali: "Safiya, ki ce wa Adda na ji."

"Wallahi ku biyun nan za ku haukata ni," in ji Safiya. "Ni ce MC, ni ce tafinta, ba ko sisi."

Da haka muka yanke komai. Nawa za a soya, wane yadi za a yi anko tunda mu 'yan kaɗan ne, ko a tafi da mai ƙunshi daga nan ko a nema a unguwar Hausawan can. Yayarku ta ce kada a kawo gado da kujeru, sun saya. Na ce wa Safiya amaryar da ta sayi gadonta da kanta, me ta bar wa iyayenta? Ta ce a kawo daddawa da kuka da man shanu, su ne ba ta samu masu kyau. Wannan kam na ji daɗinsa, washegari na aika Gitata.

Sai rigimar kujeru. Babanku ya yi shatar bas mai ɗaukar mutum goma sha takwas, sai ga shi duk Keffi tana son zuwa Badagiri. Matar Baffa Audu, ƙanin babanku wanda zai ba da auren, ta ce ita da ƙanwarta. 'Ya'yan Kawu suka ce in aka bar su to an raba zumunci. Wata mata da rabon da ta tako gidan nan tun sunan Nura ta zo da jakarta tana tambayar ranar tafiya. Kullum gidan cike, kowa da ƙorafi, kowa ni yake kallo kamar ni na ƙera motar. A cikin wannan hayaniya ce, ina tuƙa tuwo, Safiya ta ce ta ware kujera biyu a gaba, ɗaya ta Gwaggo ɗaya tawa, don ƙafafunmu. Mata sun fi goma a tsakar gida, duk suna jiran abin da zan ce. Uwar 'yar fari, a kujerar gaba, tana rakiyar amarya.

"A ba wani tawa," na ce. "Ba inda za ni."

Ga maganar da kuka riƙe. Matan suka gyaɗa kai, wata ta ce haka ake yi, 'yar gidan mutunci ce. Safiya ta jefar da biro ta shige ɗaki. Ni kuwa na ci gaba da tuƙi har tuwon ya yi tauri, raina a jagule, don na san kafin la'asar maganar ta isa Badagiri. Ta isa kuwa. A makon nan ba a ajiye wayar a kan turmi ba.

Abin da ya warware rigimar kujeru abin dariya ne. Nura ya je can ya gano wuri, ya dawo da bidiyo a wayarsa. Ashe gidan su Rashidi ba a cikin gari yake ba. Sai an shiga kwalekwale mai inji an ƙetare wani ruwa mai faɗi, sannan a isa ƙauyensu a cikin itatuwan kwakwa, teku tana bayansu. Ga shi bikin ya faɗo a tsakiyar damina. Wayar ta zaga hannu hannu, kowa ya ga yadda kwalekwalen ke tangaɗi. Mu mutanen Keffi, in ban da rafin Antau in ya kawo, wane ruwa muka sani? Kafin mako ya zagayo uzuri ya fara shigowa. Wannan mijinta ya hana, waccan jikanta na haƙori. 'Ya'yan Kawu, masu maganar raba zumunci, suka tuna suna da wani biki a Akwanga. Matar Baffa Audu ta ce ta yi mafarki da ruwa har sau biyu, kuma mafarkinta ba ya tashi a banza. Mai jaka ta aiko a ba ta jakarta. Babanku ya ce da ya sani da tun farko bidiyon ya fara aikawa.

Gwaggo Ladi kaɗai ce ba ta girgiza ba. Ta ce ko a bayan kada za a ƙetare, sai ta kai 'yarta ɗaki. Ta ɗinka ankonta, ta haɗa turaren wuta da hannunta, ta sa aka daka mata lalle. Ganin haka na ɗan samu sauƙi, na ce tunda tana nan komai zai tafi yadda ya kamata. Saura 'yan kwanaki tafiya, tana alwalar azahar, hawan jini ya kayar da ita. Aka kai ta asibiti, ta farfaɗo, amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye, likita ya ce ko Abuja kada a kai ta a mota in ba dole ba. Yayarku ta ce a ɗaga bikin. Gwaggo ta sa aka kara mata waya a kunne ta ce in aka ɗaga ba ta yafe ba.

Ranar da aka sallamo ta ta aiko a kira ni. Na same ta a kwance, bakinta ya ɗan karkace, maganar tana fita da ƙyar, amma faɗan nan nata yana nan.

"Hansatu, zauna. Wa zai wanke mini yarinya?"

"Gwaggo, ai za a samu."

"Wa? Safiya, da ko aure ba ta yi ba? Wa zai yi mata faɗa? Wa zai damƙa ta a hannun uwar miji? Maza?"

"Ko za a sake roƙon matar Baffa Audu."

"Mai mafarki? Bar ta da mafarkinta."

Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, kin san ba a yi."

"Ba a yi a inda akwai mutane. Can wa ke akwai? So kike dangin miji su ce an kawo musu yarinya kamar wadda aka tsinta a tasha?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ranar da na zo na goya ta, na ji ki a bayan ƙyaure. Na ji sarai. Na yi kamar ban ji ba, don ina son ta. Ke kuma kika bar mini, ba ki taɓa yi mini gori ba. Yanzu ni nake roƙo. Tashi ki ɗauki turaren can da lallen, ki tafi."

Na fito da ƙullin a hannu, na bi hanyar gida, na wuce ƙofarmu ban sani ba, sai da na kai bakin titi na juyo. Haushi nake ji, na kowa. Na matan da suka gudu, na Gwaggo da ta zaɓi wannan lokaci ta faɗi, Allah ya yafe mini, na Yayarku da duk mazan Nasarawa ba su ishe ta ba sai na tsallaken ruwa. A ƙarƙashin haushin kuma tsoro ne, kuma ba na kwalekwale ba. Shekara talatin ban zauna ɗaki ɗaya ni da ita mu kaɗai ba. Ban san me ake cewa ba.

Da na faɗa wa babanku, ya ce, "To alhamdu lillahi," ya ci gaba da sauraron rediyonsa, amma na ga yana share ido da hannun riga. Dangin uwata kuwa ba su ɗauke ta da sauƙi ba. Ƙanin mahaifiyata ya aiko daga Gitata cewa in na raka 'yar fari ɗakin miji na zubar da abin da yayarsa ta bari. Na aika masa da bayani, bai karɓa ba. Bai sake shiga gidan nan ba har ya rasu, kuma wannan yana ci mini rai har gobe, don shi ne na ƙarshe da ya rage mai kamannin fuskarta.

Mu tara muka tafi a motar mutum goma sha takwas, sauran kujerun daro da buhu suka zauna a kai. Tun asuba muke tafiya, ta Lokoja, ta Ibadan, ga cunkoson Legas, ƙafafuna suka kumbura. Ban runtsa ba, ina ta haɗa faɗan da zan yi mata a kaina, in gyara, in rushe. Yayarku ta tarye mu a ƙofar gidan da take haya, ta rungume Safiya, ta durƙusa wa babanku da Baffa. Da ta zo kaina ta ce, "Adda, sannu da hanya." Na ce wa ƙofa, "Yauwa."

Gaskiyarta ce game da laima. Dubulan ɗina da na yi taƙama da shi ya yi laushi kamar burodi. Ƙunshi ya ƙi bushewa, Safiya ta wuni tana bin ƙafafun amarya da fanka. Ruwa kuwa in ya tsaya, to hutawa yake yi. Da safiyar ɗaurin aure maza suka tafi wani ƙaramin masallaci, Safiya ta fita karɓo ɗinki, 'yan mata biyun da muka zo da su suna wajen girki. Na dafa ruwa, na zuba lalle da turaren Gwaggo, na kai bayi. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Ruwa na hucewa."

Ta zauna a kan 'yar kujera, ta ba ni baya. Rabona da in zuba mata ruwa tun tana tsumma. Na ɗebo na zuba, sai na ga wani tabo babba a kafaɗarta ta dama, ya gangara har tsakiyar baya, tsohon tabo, fatar ta tattare.

"Wannan fa?"

"Ruwan zafi ne. Ina aji uku."

"Ba wanda ya faɗa mini."

"Mama ta ce kada a faɗa miki. Ta ce in kin ji ba za ki iya zuwa ki duba ni ba, kuma ba za ki iya zama ba."

Na sa tafin hannuna a kan tabon. Ban san tsawon lokacin da na bar shi a wurin ba. Ba ta motsa ba. Faɗan nan da na wuni ina haɗawa a mota, da na zo yin sa bayan ta shirya, duk ya watse. Na dubi labule na ce a yi haƙuri, a riƙe salla, a girmama uwar miji, abin da kowace tsohuwa ke faɗa wa kowace amarya. Ta ce, "Na gode, Adda."

Bayan azahar muka ƙetare. Aka ɗaura mana wasu rigunan ruwa masu ɗaurin igiya, Baffa Audu yana ta salati da ƙarfi tun ba a tayar da inji ba. Ni ban ma lura da ruwan ba, amarya tana gefena a lulluɓe, gwiwarta tana taɓa tawa. Gidan su Rashidi ƙarami ne, yashi har ƙofar ɗaki, ana jin rurin teku daga baya ba ƙaƙƙautawa. Sun yi mana karamci iyakar ƙarfinsu, kifi iri iri, shinkafa, ruwan kwakwa. Duka taron, mu da su, bai cika tsakar gidan ba. Na kama hannun amarya na kai ta gaban tsohuwar, Iya suke ce mata, tana zaune a kan tabarma cikin farin leshi. Ta lalubo fuskar Yayarku da hannu biyu, ta shafa, ta yi ta addu'a da harshensu. Sannan ta yi tambaya, 'yarta da ta iya Hausar kasuwa ta fassara.

"Iya ta ce, ina uwar yarinya? Tana so ta riƙe hannunta."

Kafin in yi motsi, amsa ta fito daga ƙarƙashin mayafi.

"Mamana tana Keffi, ba ta da lafiya. Wannan Adda ce, ita ta kawo ni."

Ba ƙarya ta yi ba. Ba kuma don ta ɓata mini ta faɗa ba, a natse ta faɗa, yadda mutum zai faɗi sunan garinsu. Ni na koya mata, shekara da shekaru, da hannuna. Amma wallahi ji na yi kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Iya ta miƙo hannu, na kama, na ce ga amana nan mun kawo, in ta yi kuskure a gyara mata. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam na iya.

Mai kwalekwale ya ce mu tashi kafin hadari ya haɗu. A Keffi amarya ba ta rakiya, amma a can wa zai hana ta? Ta biyo mu har bakin ruwa, ita da Rashidi da ƙannensa, mayafin ya zame mata zuwa kafaɗa. Muka shiga, aka tura mu da gora, ruwa ya fara shiga tsakaninmu da su. Tana ɗaga wa Safiya hannu tana dariya tana kuka. Sai na ga ta juya za ta koma. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na kira sunanta, cikakkensa, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Ta juyo da sauri. Ta dubi Safiya. Ta dubi babanku. Ta waiwaya ta dubi ƙannen mijinta a bayanta. Idonta ya bi ta kaina ya wuce, kamar yadda ake wuce wanda aka tabbata ba shi ba ne. Sai mai kwalekwale ya ja igiyar inji, ƙara ta rufe komai. Baffa Audu ma ya daina salatinsa.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki, ina tsince shinkafa, Safiya ta zo ta ajiye waya a kan turmi. Suka yi hirar gajiya, aka tambayi jikin Gwaggo. Can sai na ji ta ce, "Safiya, wai ranar nan a bakin ruwa, wa ya kira ni? Na ji an kira sunana, na duba ban gane muryar ba. Abin ya tsaya mini a rai."

Safiya, mai bakin nan, ta zuba mini ido. Na ajiye faranti. Na miƙa hannu na ɗauki wayar daga kan turmi na kara a kunnena.

"Ni ce."

Ina jin ruwan sama yana dukan kwanon ɗakinta.

"Adda," ta ce, "ki sake faɗa."

Na buɗe baki. Allah ne shaidata, na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ke, har yanzu ruwan bai tsaya ba a can?"

Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka ta ce bai tsaya ba.

Tun daga ranar ba ta sake bi ta wurin Safiya ba. Wayata take kira, duk Juma'a, yau shekara nawa. Muna maganar yaranta, da ciwon ƙafata, da wanda ya mutu da wanda ya haihu. In mun gama, mun yi sallama, ba ta kashewa nan take. Sai ta yi shiru kaɗan, tana riƙe da wayar. Na san abin da take jira, ita ma ta san na sani. Wata Juma'ar har numfashi nake ja, sai in ji na ce a gaida yara. Ita kuma ta ce za su ji, Adda, sai wani makon.